Ko An Ƙera Naman, Wa Zai Ɗinka Jijiyar?

A daren Talata 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a kan titin Kano zuwa Haɗeja. Jama'a suka fito ɗibar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. An daɗe ana muhawara a rediyo da majalisu kan ko talauci ne ya kai su ko ganganci. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne waɗanda aka kwasa da ransu zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano, jiki a saluɓe. Irin waɗannan, bayan an ɗaura musu ruwa an yaƙi ƙwayoyin cuta, babbar buƙatarsu ita ce fata. Ƙuna mai zurfi da faɗi ba ta tofo da fata da kanta, sai an ɗebo daga wani wuri an dasa.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san yadda ake yi. Likita zai feɗo fata daga cinyar majinyacin da wata wuƙa ta musamman, siririya ƙwarai har kana hango hasken fitila ta cikinta, ya tsattsaga ta don ta buɗe ta rufe wuri mai faɗi, ya shimfiɗa ta a kan gyambon, a naɗe. Daga nan sai jira. Kwana biyun farko babu jijiyar jini ko ɗaya da ke aiki a fatar, ruwan da ke tsattsafowa daga naman da ke ƙarƙashinta kawai take tsotsa. Wajen kwana na uku ne jijiyoyin ƙasa suke fara haɗewa da nata. Ranar kwance bandeji, wadda yawanci takan faɗo kwana na biyar, za ka ga dangi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. In ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ta ga fatar ta yi jaja-jaja ta manne, sai ka ji ta ce, "Alhamdu lillahi, ta kama." In kuwa ta yi toka-toka tana zamewa, ba sai ta buɗe baki ba, warin ma ya isa ya sanar da kai. Shi ya sa ake feɗo ta siririya, domin duk yadda ta ƙara kauri haka take ƙara wuyar jure jiran jini.

Wannan jiran jinin shi ne ya tare wani babban fannin ilimi da ake narka wa maƙudan kuɗi a Amurka da Turai da Japan da Sin, wato ƙoƙarin rainon naman jikin ɗan Adam a ɗakin gwaje-gwaje don a maye gurbin wanda ya lalace. Rainon ƙwayoyin halitta a cikin kwalba tsohon abu ne, an fi shekara 100 ana yi. Ciyar da su in sun taru sun yi kauri shi ne aikin. Iskar oksijin ba ta iya ratsa nama fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Saboda haka kusan kowace ƙwayar halitta da ke jikinka tana zaune ne a cikin wannan ɗan taƙin daga wata mitsitsiyar jijiyar jini, wadda faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba, har sai jajayen ƙwayoyin jini sun jeru ɗaya bayan ɗaya suke wucewa ta cikinta. In ka raini dunƙulen nama da ya wuce wannan kaurin ba tare da jijiyoyi a cikinsa ba, bayansa zai rayu, tsakiyarsa ta mutu.

Manomin rani ya fi kowa saurin gane wannan. Ruwan madatsar Tiga yana isowa Kadawa da Kura ta babbar kwata ta siminti, daga ita ya shiga matsakaita, sannan ya bi 'yan ƙananan hanyoyin ƙasa da manomi ke buɗewa da fartanya har ya kai kowane fangali. Babbar kwata na iya cika maƙil amma tumatirin fangalin ƙarshe ya bushe, don kawai 'yar hanyar da za ta kai masa ta toshe. Kuma bayan shigar ruwa dole a sami inda zai fita, in ba haka ba gonar ta jiƙe ta yi gishiri. Masu wannan bincike yanzu sun iya gina babbar kwata. Dubban ƙananan hanyoyin nan masu kai abinci su kwashe datti su ne har yau suka gagara.

Daga binciken ciwon daji aka fara gane yadda jiki ke tsirar da jijiya. A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya rubuta cewa ƙari ba ya iya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, kuma akwai sinadarin da yake saki don kiran su. Da yawa daga abokan aikinsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware sinadarin da ake kira VEGF, wanda ke sa jijiya ta yi reshe. Masu yaƙi da ciwon daji suka shiga neman yadda za su toshe shi, masu rainon nama kuma suka shiga neman yadda za su mora. Sai dai in aka zuba shi da yawa, karkatattun jijiyoyi masu yoyo ne ke fitowa. Ko sun fito daidai, suna cin kwanaki har makonni kafin su ratsa dashe mai kauri, su kuwa ƙwayoyin tsakiya sa'o'i kaɗan suke iya jurewa.

In ka duba nasarorin da aka samu a wannan fanni, za ka ga kusan duk siraran abubuwa ne. A 1983 aka kai wasu yara biyu 'yan uwan juna Boston, sun ƙone fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu. Wani mai bincike, Howard Green, ya ɗauki ɗan guntun fatar da ta tsira, ya raine ta makonni ta zama shimfiɗu masu faɗi, aka dasa musu, suka rayu. Guringuntsi ma an iya shi, saboda asalinsa ba shi da jijiyoyin jini. A 2006 Anthony Atala na jami'ar Wake Forest ya ba da rahoton yara da matasa bakwai da aka faɗaɗa musu mafitsara da naman da aka raina daga jikinsu, kuma sakamakon ya fi kyau a waɗanda aka lulluɓe dashen da mayafin kitsen nan da ke rufe hanji, wanda duk mahauci ya san cike yake da jijiyoyi. Ko wannan ma, gwajin da aka sake daga baya bai ba da sakamako mai daɗi ba. To ina ga ƙoda, wadda kowace ɗaya ke ɗauke da matattara kusan miliyan ɗaya, kowace matattara dunƙulen jijiyoyi ce, su biyun kuma suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa? Bidiyon nan da ke ta yawo a WhatsApp na zuciyar da aka buga da na'ura a Tel Abib a 2019 gaskiya ne, amma tsawonta bai kai santimita uku ba, kuma ba ta harba jini ba.

Dabarun da ake gwadawa suna burge ni, ba zan ɓoye ba. A 2008 Doris Taylor da Harald Ott a Minnesota suka wanke zuciyar ɓera da wani ruwan sabulu har duk ƙwayoyin halittar suka fita, ya rage farin ƙwarangwal mai ɗauke da duk hanyoyin jini, suka zuba sababbin ƙwayoyi a ciki, bayan kwana huɗu ta fara ɗan motsi. A 2012 Jordan Miller a jami'ar Pennsylvania ya buga raga da narkakken sukari, ya zuba ƙwayoyin hanta a kewayenta, ya narkar da sukarin da ruwa, ramukan da ya bari suka zama hanyoyin jini. A 2017 wasu masu bincike a Worcester suka wanke ganyen alayyahon Turawa har ya koma fari fat, suka tura ruwa ta jijiyoyin ganyen, suka shuka ƙwayoyin zuciyar mutum a kansa suka yi ta bugawa kusan mako uku. Sun gwada har da saiwar gyaɗa. A 2019 shi dai Miller ɗin da abokiyar aikinsa Kelly Stevens suka gano cewa ruwan ɗorawar kalar abinci da ake sa wa lemon kwalba tana taimaka wa na'ura ta buga hanyoyi masu sarƙaƙiya irin na huhu. Don a ga tsawon tafiyar da ta rage, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa gasa a 2016: wa zai raini nama mai kaurin santimita ɗaya kacal, da jijiyoyinsa, ya rayu kwana 30? Sai a 2021 aka ci gasar, wasu ƙungiyoyi biyu daga Wake Forest, ta farko ta karɓi dala 300,000. Santimita ɗaya ke nan, a cikin shekara biyar.

Abin da ya kai ga gadon majinyaci zuwa yanzu babbar jijiya ce. A Disamban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata jijiya da kamfanin Humacyte na Laura Niklason ke rainawa. Ana shuka ƙwayoyin mutum a kan wata raga mai narkewa kusan wata biyu, a wanke ƙwayoyin, a bar bututu mai faɗin milimita shida da za a iya ajiyewa a firiji, a ɗinka wa wanda hatsari ya tsinka wa jijiyar hannu ko ta ƙafa. An gwada ta a kan waɗanda suka ji rauni a yaƙin Yukren. Lokacin da aka fara sayar da ita, kuɗin guda ɗaya dala 29,500 ne, wato sama da naira miliyan 40 a canjin 2025, kuma akwai likitocin da ke ɗiga ayar tambaya a kan ƙarkonta.

Na san abin da mai karatu a Garki ko Ɗambatta ko Kafin Hausa zai ce: ina ruwanmu da jijiyar miliyan 40, mu da ake aika mu sayo auduga da safar hannu kafin a wanke mana ciwo? Tambayar tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Amma ni a ganina babu al'ummar da wannan ilimi ya shafa kamar mu, domin mutuwar nama saboda yankewar jini abu ne da ke faruwa a gidajenmu kullum, sai dai mun ba shi sunaye daban-daban har ba ma gane cewa abu ɗaya ne.

Yoyon fitsari shi ne na farko. Yarinya ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki, kan jariri ya tokare ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina shiga wurin. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa mataccen naman ya ɓalle ya faɗi, ya bar ƙofa. Ba wuƙa ce ta yanke ta ba, ba aljani ba ne, jini ne ya kasa isa ɗan wurin da bai fi tafin jariri ba. Likitocin da ke gyaran nan a Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki tun 2008, da cibiyar Laure a Kano, da Babbar Ruga a Katsina inda Kees Waaldijk ya yi shekaru yana aiki, sun san cewa ɗinki ba ya kamawa a kan naman da ba jini. In wurin ya yi tabo da yawa, sukan jawo wani kitse daga kusa, da jijiyarsa a haɗe, su shimfiɗa a kan ɗinkin.

Na biyu ɗori ne. Na ga hannun wani yaro da bai fi shekara tara ba, wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro aka kai shi wurin mai ɗori. An jera masa karare an ɗaure tam da tsumma. Da dare yana ta ihu, aka ce ƙashi ne ke haɗewa, a bar shi. Kashegari ihun ya ragu, gida suka yi murna. Lokacin da aka kwance, yatsun sun kumbura sun yi sanyi ƙalau, farcen ya yi shuɗi-shuɗi, fatar ta yi bororo, ka soka masa allura bai sani ba. An yanke hannun daga ƙasan gwiwa. Tsoka ba ta jure yankewar jini fiye da kusan awa shida. Ba ina cewa a kori masu ɗori ba ne, mutanenmu ne, kuma a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ke kusa. Amma abin da zai ceci irin wannan hannu bai wuce magana uku da za a koya wa mai ɗori da uwar yaro ba: kada a matse, a bar yatsu a waje a riƙa dubawa, in ciwo ya tsananta ko yatsu suka yi sanyi a kwance nan take a nufi asibiti. Har yanzu ban ga an ɗauki wannan a matsayin aikin gwamnati ba.

Haka dattijon da ciwon suga ya kashe wa ƙafa, ya taka ƙaya a gona bai ji ba, gyambon ya ƙi warkewa saboda jijiyoyin sun tsuke, har aka kai ga zarto. Haka matashi mai sikila da gyambon idon sawu da ke shekara ba ya rufewa, domin lanƙwasassun ƙwayoyin jininsa na toshe waɗannan ƙananan hanyoyi. A kowace shekara ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya, mun fi kowace ƙasa a duniya.

To ga inda nake so a tsaya a yi tunani. A ce gobe an wayi gari an gama wannan bincike, an raini fata mai kauri da jijiyoyinta, ko tsoka, ko ma ƙoda, wani mai taimako ya saya ya aiko mana kyauta a cikin akwatin ƙanƙara har Ringim. Wa zai dasa? Nama mai jijiya ba a manna shi kamar filasta. Sai an sami likitan da zai zauna awa shida ko takwas a gaban madubin tiyata, ya ɗinka jijiya mai faɗin milimita ɗaya ko biyu a jikin ta majinyaci da zaren da ya fi gashi siranta. Sai an sami mai ba da maganin barci da zai riƙe majinyacin duk tsawon lokacin, da wutar da ba za ta ɗauke ba, da jinin ƙari a firiji, da ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa duba launin dashen kowace awa har gari ya waye, domin in jini ya daskare a ɗinkin, sa'o'i kaɗan ake da su a koma ɗakin tiyata. Wannan ƙwarewa ba sabuwa ba ce. Tun 1912 Alexis Carrel ya karɓi kyautar Nobel a kan ɗinkin jijiya, kuma tun shekarun 1970 likitoci ke cire nama ko ƙashin ƙwauri da jijiyarsa su dasa a wani ɓangaren jiki. Da wannan ake gyara fuskar yaron da ciwon zaizayar baki da ake kira noma ya cinye, da ƙafar ɗan acaɓa da ƙashi ya fito, da wuyan mai ƙuna da ya manne da ƙirji. Duk abin da za mu tanada don mu amfana da naman da za a ƙera nan gaba, shi ne dai abin da majinyatanmu na yau ke rasa gaɓoɓinsu saboda rashinsa. Shi ya sa ban yarda cewa dole mu zaɓi ɗaya tsakanin ilimin gobe da buƙatar yau ba. Kuɗi ɗaya ne zai yi aikin biyu, muddin aka fara da mutane da ɗakin tiyata kafin a fara da sayen na'urar da za a ƙaddamar a rufe.

Akwai kuma abin tsoro, don duk inda aka sami ilimi mai ban sha'awa da majinyaci mai neman mafita ido rufe, 'yan damfara na nan tafe. Ba a ƙauye kaɗai ba. A 2011, a asibitin Karolinska na Suwidin, wanda cibiyarsa ce ke zaɓen masu karɓar Nobel a fannin likitanci, Paolo Macchiarini ya dasa wa wani ɗalibi ɗan Eritiriya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsa, aka cika duniya da labari cewa an ƙera gaɓa. Robar ba ta taɓa samun jijiyar jini ba, ba ta zama nama ba, ta yi ta ruɓar da abin da ke kewaye da ita. Ɗalibin ya rasu a 2014, sauran biyun da aka yi wa irin aikin a asibitin su ma suka rasu. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa likitan ɗaurin shekara biyu da rabi. Ina jin zafin cewa wanda aka fara gwajin a kansa ɗan Afirka ne mai neman ilimi a ƙasar wasu. In haka ta faru a can, me zai hana a zo nan a buɗe wani gida mai kyan fenti a ce ana gyara ƙoda da allura? An ma fara. Ana tallar shayi da kafso a kasuwanni da wayoyi da sunan sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na tushe, ana cewa suna sake gina ƙoda da hanta. Ƙwayar halitta mai rai ba ta rayuwa a cikin garin shayi, ko da ta rayu ma ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Na san gidan da aka sayar da bijimi aka sayi irin waɗannan kwalabe, aka jinkirta wankin ƙoda har lokaci ya ƙure. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, akwai NAFDAC, akwai kwamitocin ɗa'ar bincike. Abin da ya rage shi ne a gan su a kasuwar Gujungu da ta Maigatari, ba a takarda kaɗai ba.

Wasu dattawa sukan tambaya ko wannan ba shisshigi ba ne a halittar Ubangiji. Ni ba malami ba ne, amma malaman da suka zauna a kai sun yi bayani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashen gaɓoɓi da sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta kuma hana sayar da su, sannan majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin halitta na tushe a 2003 in an same su ta halastacciyar hanya. Mai binciken nan bai halicci ko ƙwaya ɗaya ba. Yana ɗaukar abin da Allah ya halitta ne ya shirya masa wurin zama, kuma shekara 50 yana fama bai iya kwaikwayon abin da ɗan tayi ke yi a cikin mahaifiyarsa cikin 'yan makonni ba. Ni dai duk lokacin da na karanta wahalar da suke sha, imanina ƙaruwa yake.

Kuma ina yi musu fatan nasara da gaske, saboda wani dalili da ya shafi talaka kai tsaye. Yankin Haɗeja har zuwa Gashuwa ya daɗe yana kuka da ciwon ƙoda. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, amma kowane dashe sai an sami mai rai da zai ba da tasa, sannan a yi ta shan maganin hana jiki ƙin ta har ƙarshen rayuwa. Inda ƙoda ta yi ƙaranci kuma, jikin talaka ne ke zama kasuwa. Kowa ya ji shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023 saboda ɗauko wani matashi mai talla a titin Legas zuwa Landan don a cire masa ƙoda. Ranar da aka iya rainon ƙoda daga ƙwayoyin majinyaci kansa, ranar ce wannan kasuwa za ta mutu. Tana da nisa, ba na jin dattawanmu na yau za su gan ta, shi ya sa awon hawan jini da na suga a asibitin ƙauye ya fi komai gaggawa.

Jami'o'inmu ma suna da rabo a ciki, in an so. Bayero na nan, ga ta tarayya a Dutse, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Wudil. Ba na cewa su yi tseren buga zuciya da Boston. Ɗakin rainon ƙwayoyin halitta guda ɗaya mai tsafta, mai wutar sola da ba ta yankewa, da malamai uku ko huɗu da suka san aikin, ya isa a fara, kuma bai fi ƙarfin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba. Tambayoyin da za su bincika suna bakin ƙofarsu: me ya sa gyambon mai sikila ke ƙin rufewa, kuma wace shimfiɗa mai araha za ta taimaki jijiyoyi su tsiro a cikinsa? A Fortaleza ta ƙasar Birazil likitoci sun ɗauki fatar karfasa da masu kiwon kifi ke zubarwa, suka tsabtace ta da sinadarai da haske mai kashe ƙwayoyin cuta, suka mai da ita abin rufe ƙuna, ya rage zafi da yawan sauya bandeji. Ba ta zama fatar mutum, rufi ne kafin nama ya farfaɗo, kuma kada wani ya ji wannan ya ɗora wa mai ƙuna ɗanyar fatar kifi, kashe shi zai yi. Amma karfasa ai ga ta nan a kogin Haɗeja. Babu dalilin da zai sa mu jira wani ya zo daga waje ya bincika mana ko za ta yi.

Jihohin Kano da Jigawa suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci a gida da waje, kuma abin a yaba ne. Roƙona shi ne a ware gurabe da sunansu don likitocin gyaran fata da ƙuna da na tiyatar jijiyoyi, da masu ba da maganin barci, da ma'aikatan jinyar ɗakin tiyata, a haɗa kai da asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano wajen horar da su, a biya su albashin da zai hana su tafiya Saudiyya ko Ingila, a kuma ajiye wasunsu a Haɗeja da Gumel da Birnin Kudu da Rano, ba a cikin birnin Kano kaɗai ba. Horar da likita ɗaya na irin wannan aiki yana cin kusan shekara shida bayan ya gama digirinsa da bautar ƙasa. Wanda muke so ya tsaya a ɗakin tiyata nan da shekara goma, dole a sa kuɗinsa a kasafin da majalisun jihohin biyu za su zauna a kai a ƙarshen wannan shekara.